Yadda nake jan devil da demon a wasan D&D, daga zaɓen dodo har zuwa takardar yarjejeniya

Tun ranar Lahadin nan da muka yi wasa a Agege, wanda ɗan mitsitsin devil da ake kira imp ya kusa haɗa abokai biyu faɗa a kan takarda ɗaya, saƙo bai daina shigo min a WhatsApp ba, kowa tambayarsa ɗaya, wai ya kake jan halittun nan da littafi ke kira devil da demon, ya kake lissafin ƙarfinsu, ya kake rubuta yarjejeniyar. Na gaji da maimaita saƙon murya a cikin danfo ana ta hon a kunnena, shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Duk alƙaluman da zan kawo na bugu na biyar ne na Dungeons & Dragons wanda ya fito 2014, wato wasan tebur da mutum ɗaya ke jan labari sauran suna taka jarumai ana jefa dayis, in sabon littafin dodanni na 2025 ne a hannunka to ka duba, an taɓa wasu lambobin.

1. Ku fara daidaitawa a kan suna

Kafin ka buɗe littafi ko ka sayi komai, tara mutanenka ka ji ta bakinsu. Mu a teburinmu yawanci Musulmi ne, akwai ɗan uwanmu Kirista ɗaya da ke zuwa tun daga Ikorodu, kuma babu wanda yake so a ɗauko sunan Iblis ko Jahannama ko aljanu a mayar abin jefa dayis a kai. Sai muka raɗa musu namu suna. Devil muna ce musu 'yan takarda, demon kuma 'yan ɓarna. Gidan na farkon, wanda littafi ya kira Nine Hells, mu Bene Tara muke cewa, gidan na biyun kuma, Abyss, muna ce masa Rami kawai. Ba mu muka fara irin wannan ba, shi kansa kamfanin TSR mai buga wasan a lokacin a bugu na biyu na 1989 ya cire kalmomin nan biyu saboda surutun iyaye da masu wa'azi a Amurka, daga baya ya dawo da halittun da sunan baatezu da tanar'ri, kuma wasa bai lalace ba.

Hattara: kar ka yi wayon ɗauko sunan iska daga bori wai don abin ya yi armashi. Wani ya taɓa yi mana haka, ƙanwar matata ta ajiye fensir ta tashi ta shige ciki, sai da aka yi sati uku ana ban baki kafin ta dawo tebur. Sannan ka lura da lokaci, kar fitowar dodon ta faɗo daidai almuru, ku tashi ku yi magariba ku dawo.

2. Kayan aiki, da inda kuɗi ke tafiya

Ba sai ka sayi littafin dala ba. Akwai takardar dokoki da ake kira SRD 5.1, kamfanin Wizards of the Coast ya sake ta kyauta ga kowa a 2023, kuma a cikinta akwai imp, lemure, bearded devil, barbed devil har zuwa pit fiend, ga kuma dretch, quasit, vrock, hezrou, marilith da balor. Sauke ta a waya, ka je shagon buga takarda ka buga shafukan dodannin da zaka yi amfani da su kaɗai, kar ka ce a buga maka duka, shafuka ɗari huɗu ne da wani abu, kuɗin tsiren tebur gaba ɗaya zai tafi a nan.

Dayis saiti ɗaya mai guda bakwai ya isa tebur, in babu akwai manhajar jefa dayis kyauta. Amma ka tattaro 'ya'yan lido da yawa don su ne d6, wato dayis mai fuska shida, kuma waɗannan halittun suna cin d6 kamar me. Taswira bayan kwalin indomi, a ja layi da maka, kowane gida ƙafa 5. Dodanni murfin kwalba, ja na 'yan takarda, baƙi na 'yan ɓarna. Sai takarda mai ɗan kauri, jan biro, da kyandir ɗaya, zaka ga amfaninsu a mataki na 6. Fitila mai caji kuma dole ce, kun san halin wuta.

3. Zaɓi irin mugun da labarinka yake buƙata

Nan ne sababbin masu jan wasa suke cakuɗa abu, sai su ɗauka duk ɗaya ne, ƙaho da wutsiya da wuta. Ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ɗan takarda mugu ne mai bin doka. Yana da shugaba, shugaban yana da nasa shugaba, har a kai ga Asmodeus a hawa na tara, kuma kowa a cikinsu ƙarin girma yake nema. Ka tuna ejan ɗin gida da ya zagaya da kai Mushin da Oshodi yana murmushi, yana ce maka maigida, sai da ka ga ɗakin ka so shi sannan ya fito da kuɗin agrimen da kamasho da na ajiya, kuma duk a rubuce suke, kai ne baka karanta ba. To shi ne wannan. Ba ya son faɗa, faɗa asara ce a wurinsa.

Ɗan ɓarna kuma ambaliya ce. Ba ya ciniki, ba ya jira, in ya yi alkawari da safe kafin azahar ya manta, abin da yake so kawai ya ga gari ya ruguje. Manyansu irin su Orcus da Demogorgon ma junansu suke ci. Kuma ɓangarorin nan biyu suna cikin yaƙin da ba ya ƙarewa tsakaninsu, wanda ke nufin 'yan wasa masu wayo zasu iya haɗa su faɗa su koma gefe.

Akwai na uku, yugoloth, sojan haya ne, wanda ya fi biya shi ke da shi.

Tambayar da zaka yi wa kanka ita ce, so kake 'yan wasa su yi gardama ko su gudu? In gardama ce ɗauki ɗan takarda. In gudu ne da ihu da kare ƙauye ɗauki ɗan ɓarna. Ni dai a ganina babban mugun labari ɗan takarda ya kamata ya zama, 'yan ɓarna kuma a sako su lokaci-lokaci kamar ruwan Yuli a Lekki.

4. Yi lissafi kafin ka sako shi

Kowane dodo yana da lambar CR, wato ma'aunin ƙarfinsa, da makin XP da ake samu in an ci shi. Imp da quasit CR 1, maki 200. Dretch CR 1/4, maki 50. Bearded devil CR 3, maki 700. Barbed devil CR 5, maki 1,800. Vrock CR 6, maki 2,300. Balor 19, pit fiend 20, waɗannan biyun ka manta da su tukuna.

Misali kana da 'yan wasa huɗu a lebul 3. A lissafin 2014 kowannensu faɗa matsakaici 150 ne, mai wuya 225, mai kisa 400, kaga na mutum huɗu ya zama 600, 900, da 1,600. Bearded devil ɗaya maki 700, ya zauna daidai a matsakaici. To sai ka ce bari in ƙara ɗaya ai ba komai, nan ne kuskuren, domin dodo biyu ba tarawa kawai ake yi ba, ana ninkawa da ɗaya da rabi, 1,400 ya koma 2,100, ka wuce layin kisa da nisa. Daga uku zuwa shida kuma ninki biyu ne.

Hattara: imp a takarda kamar ba komai, HP ɗinsa, wato yawan raunin da zai ɗauka kafin ya faɗi, 10 ne kacal, amma harbinsa yana da 1d4+3, wato dayis ɗaya mai fuska huɗu a ƙara 3, sannan dafi 3d6, wato d6 uku, in mutum ya faɗi jifan tsira na 11, wato ya jefa dayis don ya tsira bai kai 11 ba. A tsaka-tsaki wajen 15 kenan a bugu ɗaya. Wizad, wato mai sihiri, ɗan lebul 1 mai HP 7 ba suma zai yi ba, abin da ya rage bayan ya kai sifili ya kai yawan HP ɗinsa, a doka ya mutu nan take. Na taɓa yi wa ƙanina haka a zamansa na farko, yaro ya kwana biyu yana zana hoton wizad ɗinsa, minti ashirin da fara wasa na kashe masa shi, har yau in muka haɗu a gidan Hajiya sai ya tayar da maganar. A lebul 1 da 2 imp ɗan leƙen asiri ne da ɗan aike, ba mayaƙi ba.

5. Rubuta masa kati

Kar ka tsaya kana latsa waya a tsakiyar faɗa, rubuta kati ɗaya ga kowane dodo, a sama AC, wato lambar da sai an kai ta kafin bugu ya same shi, da HP da gudu, a ƙasa abin da ba ya cinsa.

'Yan takarda wuta ba ta cin su sam, dafi ma haka, sanyi rabi yake yi wa yawancinsu, sannan in ka cire lemure, makamin da ba na sihiri ba kuma ba a shafa masa azurfa ba rabin rauni yake yi. Suna gani a cikin duhun sihiri. 'Yan ɓarna dafi ba ya cin su, wuta da sanyi da walƙiya rabi ga yawancinsu, manyansu daga irin vrock zuwa sama makamin banza rabi yake musu, kuma su azurfa ba ta da wani tasiri a kansu. Yawancin ɓangarorin biyu suna da juriyar sihiri, wato in aka jefe su da sihirin da ke buƙatar jifan tsira, d20, dayis mai fuska ashirin, biyu suke jefawa su ɗauki babba.

Hattara: wannan rabin raunin shi ke ɓoye ainihin ƙarfin dodo. Bearded devil HP 52 ne, amma ga mayaƙi mai takobin ƙarfe zalla kamar 104 ne. Sannan wizad ɗin da duk sihirinsa na wuta ne zai zauna yana kallo kamar ɗan kallon ƙwallo. Duba takardun 'yan wasanka tukuna. A littafin 2025 an cire wannan doka ta makamin da ba na sihiri ba, ku daidaita wanne kuke bi kafin a fara, ba a tsakiyar faɗa ba.

6. Takardar yarjejeniya

Wannan shi ne zuciyar abin, kuma shi ne mafi yawanku kuka tambaya, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Da farko ka jira lokaci. Ɗan takarda ba ya zuwa wa mutumin da ke cikin walwala. Yana zuwa ne bayan an kashe musu aboki, ko an kulle su a kurkuku gobe za a rataye, ko gari na kewaye da maƙiya abinci ya ƙare. Kar kai ka ƙirƙiro masifar da ƙarfi don ka tura su, ka bari su faɗa ramin da suka haƙa da kansu, wallahi zasu haƙa, sai kawai hankaka ya sauka a taga ya yi sallama cikin ladabi. Imp yana rikiɗa ya zama hankaka ko ɓera ko gizo-gizo, yana kuma ɓacewa, to ka nuna hankakan nan tun zama biyu ko uku kafin ranar, a bisa katanga, a kasuwa, ba tare da ka ce komai a kansa ba.

Na biyu ka rubuta takardar da hannunka, ta gaske wadda za a riƙe. Jiƙa ta a ruwan shayi ta bushe a rana, ƙona gefenta kaɗan, rubuta da jan biro, ɗiga kakin kyandir a ƙasa ka danna tsohon kwabo a kai. Aikin minti talatin ne amma yadda tebur ke yin tsit in ka zaro ta daga aljihun riga, babu wani dodon roba na dala da zai baka wannan.

Na uku, sharaɗi huɗu ko biyar sun isa, kuma ga tsarin da nake bi. Na ɗaya abin da zai bayar, a fili, ba ƙumbiya-ƙumbiya, kuma ya zama abin da suke so da gaske. Na biyu farashin da kowa zai gani ya yi ta ciniki a kai. Na uku wani ɗan ƙaramin sharaɗi mai kama da gaisuwa, wanda shi ne ainihin abin da ya zo nema. Na huɗu hukuncin saɓawa. Na biyar ƙofar fita, mai wuya amma mai yiwuwa.

Ga wadda ta haddasa rigimar Agege. Abokinsu ya mutu, basu da kuɗin tayar da shi. Takarda tace za a dawo da shi kafin asuba, lafiya lau. Farashi tsabar zinare 500 cikin kwana 30. Sharaɗi na uku, wanda ya sa hannu zai bai wa mai wannan takarda masauki na dare ɗaya a duk gidan da yake da iko da shi. Suka kwashe kusan awa ɗaya suna ciniki a kan 500 ɗin, ɗayansu ɗan kasuwar Mile 12 ne, ya yi ta ja har ya sauko da shi 350, yana ta murna yana cewa ko a kasuwar tumatir ba a taɓa cin sa ba. Babu wanda ya kalli maganar masauki, ai baƙo ne, wa ke hana baƙo kwana. Bayan zama shida sarkin garin ya naɗa shi mai tsaron hasumiyar da aka kewaye da tsari don hana irin waɗannan halittu shiga, ya miƙa masa makullai, a daren sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ajiye takardar a gabansa ban ce uffan ba. Ya karanta, ya cire hula ya ajiye, ya kalli wanda ya zuga shi ya sa hannu yace, kai ne fa kace in sa. Daga nan sai da aka kawo shayi da burodi kafin a ci gaba.

Hattara ta farko: ɗan takarda ba ya ƙarya a cikin takarda. A baki zai iya lanƙwasa magana, zai iya yin shiru a kan abin da ba a tambaye shi ba, amma abin da aka rubuta shi zai cika harafi da harafi. Ranar da ka sa ya saɓa don kawai kana so ka ci su, ka kashe dabarar har abada, ba wanda zai sake sa hannu a komai.

Ta biyu: kar ka ɓoye sharaɗi da ƙananan rubutu ko wani yare da basu iya ba. Tarkon ya kasance a gaban idonsu da manyan baƙaƙe. Daɗin abin shi ne daga baya su ce kash, ai mun gani. In wani ya gano tarkon tun farko ya nemi a goge, ka bari a goge, ka sa imp ɗin ya yi tsaki ya ƙara farashi, wannan ɗan wasan ya ci nasara kuma ya cancanta.

Ta uku: a littafi abin da suke nema shi ne ran mutum, wanda ya mutu a hannunsu ya koma lemure, ƙasƙantaccen cikinsu. Mu bama saka ruhi ko lahira a ciniki, dalili yana mataki na 1. Muna karɓar abin da za a ji a wasa, misali suna, kowa ya manta sunanka har mahaifiyarka, ko inuwa, ko dayis ɗin hutu guda ɗaya, wanda ake jefawa don maido da HP, da ba zai dawo ba, ko aiki ɗaya da ba za a faɗa maka ba sai ranar. Wannan ma ya fi ciwo, don rai sai bayan mutuwa ake karɓa, ɗan wasa kuma bai damu da abin da zai faru bayan an rufe labari ba.

Ta huɗu: mutum ɗaya ba ya sa hannu a madadin tebur. In sharaɗin zai taɓa kowa to kowa ya yarda. Kuma in kana da wolok, mai sihirin da ke samun ƙarfinsa daga wani ubangida, wanda ubangidansa irin waɗannan ne, ku zauna ku biyu ku rubuta tasa takardar tun kafin zama na farko, kar ka wayi gari ka ƙwace masa sihirinsa ba tare da an taɓa maganar ba.

7. Ajiye musu makami a hanya

Zama ɗaya ko biyu kafin faɗan, ka tabbata sun ji labarin abin da ke aiki, ta bakin tsohuwa ko maƙeri ko wani littafi da suka tsinta. Shafa wa makami ɗaya azurfa, ko kibiya goma, zinare 100 ne. Kwalbar holy water, mu ruwan haske muke ce masa, zinare 25, ana jifa da ita har ƙafa 20, tana yin 2d6. Faladin, wato mayaƙi mai tsarki, in ya yi bugunsa na haske a kan irin waɗannan yana samun ƙarin 1d8, kuma yana iya jin inda suke cikin ƙafa 60, wanda ke nufin imp ɗinka mai ɓacewa ba zai ɓoye masa ba in ya tuna ya duba.

A sihiri akwai Protection from Evil and Good tun matakin sihiri na farko, yana sa dodon ya jefa biyu ya ɗauki ƙarami in zai kai hari. Magic Circle mataki na 3, yana cin kayan zinare 100, minti ɗaya ake yi ana zana shi, yana awa ɗaya, kuma ana iya juya shi ya zama keji. Banishment mataki na 4, in dodon ya faɗi jifan tsira kuma mai sihirin ya riƙe hankalinsa minti ɗaya cur, wato zagaye 10, ya koma gidansu ba dawowa.

Hattara: masu son ɗaure dodo ya yi musu aiki da Planar Binding, yana cin dutse mai daraja na zinare 1,000 kuma awa ɗaya ake yi ana haɗa shi, keji kuma awa ɗaya yake yi, kaga kafin a gama ya buɗe. Sai an zana kejin da ƙarfin sihiri na mataki na 4 ya kai awa biyu. Ka faɗa musu wannan sau ɗaya, in sun manta ruwansu.

8. Ranar faɗa

Ja su daban. Ɗan takarda yana da tsari, yana tare ƙofa, yana fara kai wa mai warkarwa hari, in an kori ɗan uwansa da Banishment duk sauran su koma kan mai sihirin don ya saki sihirin, kowane bugu sai ya jefa tsira na 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa. Bearded devil in ya sari mutum da mashinsa aka faɗi jifan 12, raunin yana ci gaba da zubar da 1d10 kowane zagaye har sai an ɗaure shi ko an warkar da sihiri, gemunsa kuma dafinsa yana hana HP dawowa, to ka ajiye ƙwayar wake a kan takardar duk wanda ya kamu don kar a manta. In HP ɗinsa ya sauka ƙasa da rabi ya tsaya ya ce a yi magana. Ko da yaushe yana da tayi.

Ɗan ɓarna kuma na kusa da shi yake bugu, ko wanda ya fi ihu, ko ma dokin da ke ɗaure. Ka sa ya fasa abu kowane zagaye, rumfa, rijiya, gada, don 'yan wasa su rasa wanne zasu yi, su kashe shi ko su ceci mutane. Vrock yana da ƙara sau ɗaya a rana, duk wanda ke cikin ƙafa 20 ya faɗi jifan 14 ya sandare har ƙarshen zagayen vrock ɗin na gaba, yi amfani da ita da wuri lokacin da suka taru.

Hattara: akwai dokar zaɓi ta kiran 'yan uwa, misali vrock yana da kashi 30 cikin ɗari ya kira dretch 2d4 ko wani vrock, su yi minti ɗaya. Wannan ba ya cikin lissafin mataki na 4. In zaka yi amfani da ita ka lissafa kamar sun riga sun zo, in faɗan ya wuce kima to ka bar ta. Sannan dretch takwas a tebur kowanne da jifansa, ga mutum yana son ya kama motar Ikorodu kafin dare, ka haɗa su rukuni biyu ka jefa musu tare.

In wata rana kun kai balor, ka tuna yana fashewa in ya mutu, 20d6 na wuta a cikin ƙafa 30, jifan tsira 20. Ka nuna alama, jikinsa na tsagewa haske na fita, ka basu damar ja da baya.

9. Bayan ya faɗi

Waɗannan halittun in aka kashe su a duniyar mutane ba mutuwa suke ba, narkewa suke ko su zama hayaƙi su koma gidansu su sake haɗuwa, sai an bi su can an kashe sannan ta ƙare. Don haka a bayan katin ka rubuta wanda ya yi bugun ƙarshe da abin da aka faɗa masa, zai dawo da shi a baki. Amma kar ka dawo da shi a zama na gaba, 'yan wasa zasu ji kamar wahalar banza suka sha. Bari a yi zama huɗu ko biyar, kuma ya dawo a canje, ko an ƙara masa girma ko an rage masa saboda ya kunyata ubangidansa, imp ɗin da aka mayar lemure ya rarrafo ya dawo da ƙyar ya fi kowa riƙo. Rakshasa, wani dodon irinsu, ma haka, shi watanni ko shekaru yake ɗauka kafin ya dawo, kuma wanda ya kashe shi yake nema, har danginsa.

Mutuwar ɗan aike kuma ba ta soke takarda, tana hannun ubangidansa. Hanyar fita ita ce wadda ka rubuta a sharaɗi na biyar, ko su samo sunan dodon na gaskiya su yi ciniki da shi, ko su nemo wani ɗan takardan da ke hassadar wannan su sayar masa da sirrinsa. Takardar ta gaske kuma kar ka barta a hannun 'yan wasa, ɗauki hotonta ka tura a guruf, asalin ka saka a leda ka ajiye a jakarka. Tamu ta farko a aljihun ɗan Mile 12 ta kwana, matarsa ta wanke rigar da ita.